An Makara da Sati Uku

Jethro bai jira an ba shi kujera ba. Ya kwance ledar da ya rungumo a hammata, ya zube takardun a kan tebur, ya shiga jera su ɗaya bayan ɗaya yana haki, don matakalar benen ta fi ƙarfin gwiwarsa.

"Zauna mana, Baba," in ji Barista Fiddausi. "Takardun ba gudu za su yi ba."

"Barista, bar ni in tsaya. Na gaji da zama."

Ofishin ɗan ƙarami ne, a saman wani shagon magani a unguwar Makera, Kaduna. Ta taga ana jiyo kwandastoci suna kiran Kakuri da Sabo. Malam Audu, abokin aikin Jethro a masaƙa, shi ya yi masa kwatancen wurin, ya ce matar ba ta tsoron kowa. Da safen nan Jethro ya gaya wa shugaban sashensu cewa haƙori ke damunsa, aka ba shi rana. Shekara ashirin da biyu yana tsaye a gaban injin saƙa, bai taɓa yin ƙarya don ya bar aiki ba sai yau.

Ya ba ta labarin a tsaye. Ɗansa na fari, Gideon, shi ke riƙe da sito a wata hukumar gwamnatin jiha. A ƙarshen bara wasu sojoji suka zo da babbar mota, suka kwashe tayoyi arba'in sababbi. Ba da ƙarfi suka kwasa ba, takarda suka kawo daga sama. Da aka fara shirin miƙa mulki ga farar hula, aka kafa kwamitin bincike, aka nemi tayoyi aka rasa. Ba a kira soja ko ɗaya ba. Gideon aka kira, aka miƙa masa takardar kora, a ciki an rubuta cewa ya yi sata.

"Satin da ya wuce wani kamfani ya kusa ɗaukarsa," in ji Jethro. "Har sun nuna masa teburinsa. Da suka ga takardar nan sai suka ce ya je za a neme shi. Yaron da ko naman miya bai taɓa ɗauka ba, Barista. Yanzu a unguwa in ya shiga shago, mai shago sai ya miƙe tsaye."

Ta ɗauki wata 'yar guntuwar takarda da ta sha ninki, ta ɗaga ta wajen haske.

"Wannan sa hannun wane ne?"

"Na Daraktansu ne. Mista Albert."

"Shi da kansa ya rubuta a ba sojoji tayoyi arba'in?"

"Da hannunsa."

Ta yi ɗan murmushi. "Baba, da wannan kaɗai ɗalibin lauya ma zai ci shari'a."

Sai a lokacin Jethro ya zauna. Ya cire hularsa ya goge goshi. Tun ran da aka rantsar da sabuwar gwamnati yake jin rediyo na cewa zamanin tsoro ya wuce, talaka na iya kai kowa gaban alƙali. Ashe gaskiya ne. Har ya fara tunanin yadda zai shiga gida ya kira Gideon da uwarsa ya ce su zauna su ji.

Barista ta ɗauki takardar korar. Ta karanta daga ƙasa, ta koma sama, idonta ya tsaya a wurin kwanan wata. Murmushin ya ɓace. Ta juya ta dubi kalandar da ke jikin bango, ta tashi ta ɗaga shafi ɗaya, biyu, uku, ta dawo ta zauna.

"Yaushe wannan ta shiga hannunsa?"

"Ran da aka rubuta ta. Ashirin da huɗu ga Fabrairu."

"Ka tabbata? Ba ta gidan waya ta biyo ba? Ba ta kwana a aljihun masinja ba?"

"A ofis suka ba shi. Har ya sa hannu a littafinsu."

Ta ajiye biro. "Yau sha huɗu ga Yuni. Baba, kun makara da sati uku."

"Makara a ina? Ƙarfe tara ma ba ta yi ba na iso."

Ta yi masa bayani a hankali. Akwai doka tun zamanin Turawa wadda ke kare ma'aikatan gwamnati a kan abin da suka yi a bakin aiki. Wanda ke ganin an zalunce shi, wata uku aka ba shi ya shigar da ƙara. In wata ukun ya cika, kotu ba ta ko duba wanda ke da gaskiya. Wa'adin Gideon ya cika ran ashirin da huɗu ga Mayu.

"Kwana biyar kafin soja su sauka!" Jethro ya miƙe. "Wa ke kai gwamnati ƙara da soja a kan kujera? Ke da kanki za ki je?"

"Na sha zuwa. Kotu a buɗe take a lokacin."

"Amma yanzu ai mulki ya canza. Sai a fara ƙirga daga ran da aka samu 'yanci mana."

"Dokar ba ta san an canza mulki ba, Baba."

Ya kafe ta da ido, jijiyar wuyansa ta fito. "To in tambaye ki. In mutum ya saci akuya bara, aka kama shi bana, sakinsa za a yi?"

"A'a. Za a hukunta shi."

"Ko bayan shekara biyar?"

"Ko bayan goma."

"Wato ɓarawon akuya ba a yanka masa wata uku ba. Amma wanda ya zauna a ofis mai sanyi ya kashe wa ɗan mutum suna, shi in ya daure wata uku ya wanku. Wa ya rubuta wannan doka? Ba 'ya'ya gare shi ba?"

Ba ta hana shi faɗa ba, ta bar shi ya gama. Sannan ta ce ba za ta yaudare shi ba. Tana iya shigar da ƙarar, ta ce an yi abin da mugun nufi, wani lokaci kotu kan saurari haka. Amma lauyan gwamnati zai tashi tun ranar farko ya nuna wa alƙali kwanan wata, su yi shekaru suna jayayya a kan kalanda, ba a ko buɗe maganar tayoyi ba.

"Abin da ban gane ba," in ji ta, "kuna da wannan takarda a hannu. Me kuka tsaya yi har wata uku?"

Jethro ya koma kujera, ya sunkuyar da kai. Amsar tana da nauyi a bakinsa.

Shi da Mista Albert 'yan gari ɗaya ne daga Filato, kuma suna ƙungiya ɗaya ta 'yan garinsu mazauna Kaduna, wadda ke taro duk Lahadin ƙarshen wata a wani aji a Narayi. Ƙungiyar na da dokokinta a rubuce. Ta bakwai ta ce ɗan gari ba ya kai ɗan gari kotu ko wurin 'yan sanda, sai dattawa sun zauna sun ce sun kasa. Wanda ya taka ta, an cire sunansa. Wanda aka cire sunansa kuwa, ran da ya mutu ba mai ɗaukar gawarsa zuwa gida, sai a binne shi a Kaduna kamar marar dangi. Motar da ake kai gawar ma, Mista Albert ne ya saya wa ƙungiyar.

Saboda haka suka bi hanyar da aka saba. Baba Sylvanus, shugaban ƙungiya, ya ja su zuwa gidan Darakta a Barnawa, da buhun dankali da zakara. Darakta ya tarbe su hannu bibbiyu, ya ce Gideon ai ɗansa ne, kwamiti ne ya yi kuskure, a bari a gama zaɓe da bikin Ista. Bayan Ista suka koma da mudu goma na acca. Ya ce fayil na teburin sakatare, su dawo a watan Mayu. A watan Mayu ya riƙe hannun Jethro ya raka shi har bakin ƙofa, ya ce yanzu kowa hankalinsa na kan miƙa mulki, su bari sai makon farko na Yuni, da kansa zai yaga takardar korar.

"Makon farko na Yuni," in ji Barista. Ta maimaita a hankali.

Ta tattara takardun ta mayar masa a leda. Ta ce akwai wata ƙaramar ƙofa da ba ta rufe ba tukuna, hukumar da ke karɓar koke-koken jama'a. Ba kotu ba ce, ba ta iya tilasta wa kowa, amma tana kiran mutum ta yi bincike, ta rubuta abin da ta gano. In ta rubuta cewa Gideon bai yi sata ba, yana da takardar da zai nuna wa duniya.

"Ita ma tana da nata wa'adin. Shekara ɗaya. Kada ku bari Fabrairu ta zagayo."

Ya fito titi bai san inda ya nufa ba. Hadari na haɗuwa ta wajen gabas, masu talla na tattara kaya. Wani ɗan acaɓa ya tsaya a gabansa ya ce, "Baba, ina zuwa?" Sai ya ji bakinsa ya ce Barnawa.

Ya san Darakta kan dawo gida cin abincin rana. Mai gadi ya san shi, ya buɗe masa ba tambaya. A falo ya tarar da Mista Albert a gaban tuwon acca da miyar kuɓewa, Baba Sylvanus na gefe da nasa kwanon, ya zo maganar bikin cikar ƙungiya shekara ashirin.

"A'a, Jethro! Ƙafarka da kyau," in ji Darakta. "Wanko hannu. Accarka ce ma muke ci."

"Na ƙoshi, Yallaɓai."

"Yau ba aiki ne? Ko masaƙar ta ƙone?"

"Maganar yaron ce ta hana ni sukuni."

Darakta ya girgiza kai cikin tausayi, ya lashe yatsa. "Ina sane, ina sane. Kullum da ita nake kwana. Amma ka ga yadda abubuwa suke. 'Yan siyasan nan ko kwamishinoni ba su naɗa ba. In sun naɗa, sai sun san ofis, sai sun yi kasafin sabuwar shekara. Ku ba ni zuwa Maris. Farkon Maris ka zo da Gideon, magana ta ƙare."

"Ka ji ko?" in ji Baba Sylvanus da baki cike. "Sai godiya."

Jethro bai yi godiya ba. Hannunsa na kan gwiwa, babban yatsansa na bin gaɓoɓin sauran yatsun. Yuli, Agusta, Satumba. Ya bi su har Fabrairu, ya tsaya.

"Me ya sa Maris, Yallaɓai?"

"Na'am?"

"Me ya hana Janairu? Me ya hana farkon Fabrairu?"

Lomar da Darakta ya ɗauko ta tsaya a hanya. Ya dube shi, irin kallon da bai taɓa yi masa ba, kallon mai auna mutum. Ya mayar da lomar cikin kwano.

"Wa ka gani, Jethro?"

"Lauya na gani."

Baba Sylvanus ya shaƙe, ya yi ta tari har ya sha ruwa. "Lauya? Kai Jethro? Da bakinka ka karanta doka ta bakwai ran da aka karɓe ka! Muna cikin magana a gida ka kwashi sirrinmu ka kai wa bare?"

"Wace magana muke ciki, Baba? Mu muna kawo dankali, shi yana ƙirga kwana. Sau uku muka durƙusa a kan dardumar nan. Sau uku yana kallon kalanda ta saman kanmu."

"Yi hankali da bakinka," in ji Darakta. Muryarsa ba ta tashi ba. "Ba ni na rubuta dokar ba."

"Amma ka san ta."

"Duk wanda ya kai matsayina ya san ta."

"Gideon fa? Ba ɗan gari ba ne? Doka ta bakwai ta hana ni kai ka kotu. Wace doka ce ta hana ka kiran ɗana ɓarawo? Ta nawa ce, Baba Sylvanus? Ka karanto mini ita."

Tsohon ya kau da kai. Ya share baki, ya sassauta murya. "Jethro, kai ba yaro ba ne. Hamsin ka wuce. Ka tuna ranar da ba ka da baki. In aka cire sunanka, wa zai kai ka kusa da ubanka?"

Wannan tambayar ce ta riƙe shi wata uku da sati uku. Ya sha ganin yadda ake yi: motar ƙungiya a ƙofar gida tun da sassafe, mata na waƙa, akwati a baya, har a hau duwatsu a isa gari. Ya ga kuma na wanda aka cire, mutum shida a bakin rami a bayan gari, fasto na sauri don ruwa na zuwa. Ya ji tsoron har yanzu yana nan, bai tafi ko'ina ba.

Ya sa hularsa. "Ƙasar Kaduna ma tana rufe mutum, Baba. Ku ci abincinku."

A ƙofa mai gadi ya ce masa a gaida gida. Ya wuce abinsa.

Ya taka da ƙafa har babban titi, ya shiga bas ɗin unguwarsu Nasarawa. A ciki wasu samari na gardama a kan wanda za a ba kwamishina, wani na cewa yanzu kam an ga haske. Jethro ya rungume ledarsa ya kalli waje. Fushin da ya raka shi daga Barnawa ya fara juyowa yana neman mai shi. Darakta ya yi ƙirga, haka ne. Amma wa ya ɗauki buhun dankalin a kafaɗa?

La'asar ta yi lokacin da ya shiga gida. Matarsa Rebecca ba ta dawo daga kasuwa ba. Gideon na kan rufin ɗakinsu, yana toshe kwanon da ke yoyo da kwalta kafin ruwa ya sauko. Ya rame. Rigar da ke jikinsa tsohuwar rigar aiki ce, ya yanke mata hannu. Tsanin da ya hau da shi na aro ne, ƙafa ɗaya ta fi ɗaya tsawo, yana rawa duk lokacin da iska ta kaɗa.

Jethro ya ajiye leda a kan turmi, ya kama tsanin da hannu biyu.

"Sannu da dawowa, Baba. Yau da wuri?"

"Ban je aiki ba." Ya gode wa Allah da yaron na sama, ba sai ya kalli idonsa ba. "Gideon, na je wurin lauya a kan maganarka. Ta ce takardar Darakta ta isa ta wanke ka. Amma akwai wata doka. Wai wata uku ake..."

"Ashirin da huɗu ga Mayu," in ji Gideon. Bai daina shafa kwalta ba.

Jethro ya ɗaga kai. "Ka sani?"

"Tun satin farko. Benson da muka yi makaranta tare, akawu ne a kotu. Shi ya gaya mini."

"Ka sani ka yi shiru? Ka bar ni ina yawo da zakara a hannu?"

"Na faɗa, Baba. Ran da Baba Sylvanus ya fara zuwa nan. Na ce akwai wa'adi. Ka ce in rufe baki, ba a koya wa manya doka a gaban manya."

Jethro ya nemi ranar a cikin kansa, ya same ta. Ga tabarma, ga kofin shayi a hannun tsohon, ga yaron a tsaye a bakin ƙofa. Har dariyar da suka yi bayan ya fita ya tuna.

"Ai da ka tafi kai kaɗai," ya ce, muryarsa ta dushe. "Shekararka ashirin da bakwai. Ba sai da ni ba."

Gideon ya ajiye gwangwanin kwalta a kan kwano.

"Na tafi. Ran ashirin da huɗun. Na sa kaya, Benson ya samo mini wani lauya da ya ce zai shigar kafin a tashi. Na je har bakin ƙofar kotu."

"Sai me?"

"Sai na ce in na shiga, sunanka za su cire, ba nawa ba. Kuma kullum kana cewa kusa da Kaka kake so a binne ka."

Ɗigon ruwa na farko ya faɗo a kan kwano, sai na biyu. Jethro ya jingina goshinsa da katakon tsanin. A maƙwabta wata mata na ƙwala wa 'ya'yanta kira su kwashe shanya.

Da ya ɗago kai sai ya gaya masa maganar hukumar koke-koke, da abin da za ta iya da wanda ba za ta iya ba. Ya gaya masa abin da ya faru a Barnawa, bai rage komai ba.

"Lahadin ƙarshen wata za su karanta sunanka a gaban kowa," in ji Gideon.

"Su karanta. Gobe ƙarfe bakwai za mu fita. Kai za ka riƙe takardun, kai za ka yi magana. Ni zama kawai zan yi a bayanka. In ka ga na buɗe baki, ka taka mini ƙafa."

Ruwan ya fara ƙarfi. Gideon ya rufe gwangwanin, ya juyo da baya, ya laluba matakin farko da ƙafarsa. Tsanin ya karkata.

"Baba, riƙe da kyau."

"Na riƙe," in ji Jethro. "Sauko."